Hayar Keji A Cibiyar Bayanai: Lissafin Da Ke Gaban Batsari Da Safana Kafin Sayen Na'ura

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai-tsaye, ba tare da ya bi ta hannun gwamnoni ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, amma duk wanda ya san yadda kuɗin gwamnati ke tafiya a ƙasar nan ya san ƙamshinsu kan riga su isa. Inda duk aka ce kuɗi za su sauka, za ka tarar 'yan kwangila sun riga sun shimfiɗa tabarma. Ba na kuma shakkar cewa cikin takardun da za su riƙa isa teburin shugabannin ƙananan hukumomi akwai wadda ke cewa a gina “ɗakin kwamfuta na zamani” a sakatariya: a sayo manyan na'urori, a liƙa na'urar sanyaya ɗaki biyu a bango, a girka janareta, a kira manema labarai a buɗe.

Shawarata ga ƙananan hukumomin Batsari da Safana ita ce kada su sa hannu a irin wannan takarda. Suna da buƙatar adana bayanansu a kwamfuta, har ma sun fi da yawa daga takwarorinsu buƙata. Abin da ba su da shi shi ne wurin da na'urar za ta rayu.

Bari in fara da buƙatar. Ƙananan hukumomin biyu suna bakin Dajin Rugu, kuma shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, jama'arsu suka watsu zuwa cikin garin Batsari, da Dutsin-Ma, da birnin Katsina, wasu ma suka tsallaka iyaka. Duk lokacin da ƙura ta lafa mutane suka fara komawa, tambayoyin da ke tasowa na takarda ne. Gonar wa ce wannan, tunda dattijon da ya san iyakarta ya rasu a gudun hijira? Wa ya karɓi tallafi, wa aka tsallake? Wane yaro aka yi wa riga-kafi, wanne ne bai samu ba? Malamai nawa ne ke kan takardar albashi a makarantar da ta shekara uku a rufe? Rajistar da ke cikin kabad abincin gara ce, kuma ɗigar rufi ɗaya ko gobara ɗaya ta isa ta shafe ta. Saboda haka wanda ya ce mutanen da ke neman tsaro da abinci ba su da haɗi da zancen kwamfuta bai zauna a zauren mai gari ranar rabon gado ba.

To ina za a ajiye babbar kwamfutar da sauran ke ɗebo bayanai daga cikinta, wadda marubutanmu suka laƙaba wa suna uwar garke? Na taɓa shiga wata ma'aikata, ba zan ambaci sunanta ba, aka nuna mini tasu a wani ɗan ɗaki kusa da matakala. Na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tun damina, an buɗe taga don iska ta shiga, ƙurar hunturu ta yi wa na'urar bargo, an kuma jingine buhunan takardu a bayanta, daidai inda zafi ke fita. Kuɗin da aka saye ta ya isa a gina aji. Irin wannan na'ura tana son iskar da ke shiga cikinta ta tsaya tsakanin maki 18 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, kamar yadda ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gini ta Amurka, wato ASHRAE, ta ba da shawara. A ƙasar Katsina kuwa zafin watan Afrilu da Mayu kan haura maki 40. Tana son wutar da ba ta ƙiftawa dare da rana, mu kuwa mun san yadda wuta take a garuruwanmu. Tana son wurin da ba mai shiga sai da izini. Sakatariyar ƙaramar hukuma ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun.

Abin da duniya ta koma yi shi ne haya. Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ba ya gina kasuwa don kansa. Sito yake kamawa, ya zuba kayansa, ya riƙe makullinsa, amma titi da masu gadi da masu dako na kowa da kowa ne. Haka cibiyar adana bayanai take. Kamfani ya gina katafaren gini, ya tanadi wuta ta hanyoyi biyu, da janaretoci, da batura masu riƙe wuta kafin janareta ya tashi, da na'urorin sanyaya, da masu gadi, da wayoyin kamfanonin sadarwa. Kai kuma ka kawo na'urarka ka kama gurbi. Mafi ƙanƙantar haya ita ce 'yan hawa kaɗan a cikin wani dogon akwatin ƙarfe mai hawa-hawa kamar kantar mai shago, wanda ma'aikatan wurin ke kira rak. Sai rabin rak, sai cikakken rak mai makullinsa. Idan kayanka sun yi yawa, ko kana son kada wani ya ko raɓi na'urorinka, sai a kewaye maka wani yanki na ɗakin da ragar ƙarfe, a sa ƙofa da makulli. Wannan shi ne keji. Da raga ake yin sa da gangan, don iskar sanyi da na'urar kashe gobara su ratsa.

Rak ɗin nan tsoho ne fiye da kwamfuta. Kamfanin tarho na AT&T ne ya tsayar da faɗinsa a inci 19 tun wajejen 1922, don jera kayan tarho, kuma har yau a kan wannan awo ake ƙera na'urori a ko'ina cikin duniya. Ana auna tsayinsa da hawa, kowane hawa inci ɗaya da kashi uku cikin huɗu, wato milimita 44.45, ana kuma yi masa alama da harafin U. Rak ɗin da aka fi samu yana da hawa 42, tsayinsa kusan mita biyu. Wata uwar garken hawa ɗaya take ci, wata biyu, wata huɗu. Ganin haka sai mutum ya ɗauka tsara gurbi lissafin 'yan firamare ne: ka ƙirga na'urorinka, ka tara hawansu, ka ga ko sun shiga cikin 42.

A nan ne ɗalibaina suka fi faɗuwa duk shekarar da na ba su wannan aiki, don haka bari mu yi lissafin tare. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, na irin na'urori matsakaita, amma ba su yi nisa da abin da za a tarar a kasuwa ba.

A ɗauka Batsari da Safana, tare da Ɗanmusa da suke mazaɓar ɗan majalisar tarayya ɗaya da ita, sun haɗa hannu. Uwar garke uku, kowace hawa 2, hawa 6 ke nan. Akwatin faya-fayen ajiya biyu, hawa 4. Na'urar rarraba sadarwa biyu, hawa 2. Katangar tsaro biyu, wato na'urar da ke tace masu shiga da fita ta intanet, hawa 2. Allunan haɗa wayoyi da maratayansu, hawa 4. Aljihun allo da madannai na ma'aikaci, hawa 1. Jimla hawa 19. Ƙananan hukumomi uku cur ba su cika rabin rak ɗaya ba. Saura hawa 23 a buɗe. Mai ƙirgen hawa zai yi murna ya ce akwai wurin shekara goma.

Yanzu a juyo ga wuta. Idan kowace uwar garke na jan wat 500 lokacin da aiki ya kankama, uku sun ja 1,500. Akwatunan ajiya wat 400 kowanne, 800 ke nan. Na'urorin rarraba sadarwa wat 300 su biyun, katangun tsaro 200. Jimla wat 2,800. Layin wutar da aka saba bai wa ƙaramin mai haya shi ne mai amfiya 16 a kan bolt 230, wanda iyakarsa wat 3,680. Amma ƙa'idar masu aikin ita ce kada a ɗora wa layi kayan da ke ci ba tsayawa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa, don kada makatsin wuta ya yi zafi ya faɗi. Kashi 80 na 3,680 shi ne 2,944. Wato rak ɗin da bai kai rabi ba a ido ya riga ya cika maƙil a wuta. Saura wat 144, wanda ba zai ɗauki uwar garke ko ɗaya ba. Waɗancan hawa 23 da ake murna da su fanko ne, kamar mutum ya sayi babbar mota mai ɗakin kaya tirim amma injin ƙaramar mota a cikinta.

Don haka tambayar farko da mai hankali ke yi wa mai cibiya ita ce kilowat nawa za a ba shi, daga baya a yi maganar hawa. A misalinmu, layin amfiya 32 ya kamata a nema tun farko, mai wat 7,360, wanda abin amfani a cikinsa 5,888 ne. Nan ne ake da sararin ninka kaya.

Akwai wani tarko kuma. Cibiya ta ƙwarai kan kawo wa kowane rak layin wuta biyu daga tushe daban-daban, kowace na'ura kuma tana da mashigar wuta biyu, ɗaya a kowane layi. Mai haɗama sai ya tara ƙarfin layukan biyu ya ce ya samu ninki. Ranar da layi ɗaya ya ɗauke, duk nauyin ya koma kan ɗayan, shi ma ya faɗi, komai ya mutu lokaci guda. An yi layi na biyu ne don ya ɗauki kayan duka shi kaɗai idan ɗan'uwansa ya gaza. Wanda ya cika su duka biyun ya biya kuɗin kariya, sannan ya cinye kariyar da hannunsa.

Duk wat ɗin da na'ura ta ja, zafi yake komawa. Rak mai cin wat 2,800 daidai yake da a kunna dutsen guga uku a cikin kabad, a bar su dare da rana, shekara da shekaru. Shi ya sa ake jera rak-rak a cibiya fuska da fuska, baya da baya. Lungun da fuskokin ke kallo shi ne lungun sanyi, nan ake turo iska mai sanyi, na'urori su zuƙa. Lungun da bayansu ke kallo shi ne lungun zafi, nan suke fesar da iskar da ta ɗumama a kwashe ta. Duk wanda ya ɗaura na'ura ɗaya a juye, to tana shaƙar zafin maƙwabtanta tana kuma hura musu nata. Wannan kuskure ya fi faruwa da na'urorin rarraba sadarwa, domin ramukan wayoyinsu ana son su kalli baya, don haka dole tun wajen saye a zaɓi wadda iskarta ke tafiya ta fuskar da ta dace. Hawan da babu komai a cikinsu kuma ba a barin su a buɗe. Akwai faifan roba ko na ƙarfe da ake toshe su da shi, in ba haka ba iskar zafi ta zagayo ta ramin ta koma gaba. Abu ne mai arha ƙwarai, shi ya sa ma ɗan kwangila ke mantawa da shi.

Sauran ƙa'idojin jeri ba su da wuya. Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, don cikakken rak kan haura rabin tan, kuma idan aka jawo na'ura mai nauyi daga sama yana iya rinjayowa kan ma'aikaci. A auna zurfin rak kafin a sayi na'ura, domin uwar garken zamani doguwa ce, takan so rak mai zurfin mita ɗaya ko mita ɗaya da santimita 20 kafin a samu wurin wayoyi a rufe ƙofar baya. Wayoyin wuta gefe guda, na sadarwa gefe guda, kowace waya da lamba a bakinta biyu. A kuma zana taswirar rak ɗin hawa-hawa a takarda, a riƙa gyara ta duk lokacin da aka taɓa wani abu.

Wannan taswira ta fi muhimmanci ga mai haya daga Batsari fiye da bankin da ke Legas. Injiniyan banki na iya hawa mota ya isa cibiya cikin sa'a guda. Namu kuwa, idan na'ura ta sanƙare da ƙarfe biyun dare, babu mai kama hanya. Sai dai a buga waya a nemi hannun aro, wato ma'aikacin cibiyar da ake biya ya je ya danna maɓalli ko ya sauya waya a madadinka. Mutumin nan bai san kayanka ba. Idan ka ce masa “ta tsakiyar nan mai fitila kore”, to Allah Ya kiyaye. Idan ka ce masa rak na biyu, hawa na 14, waya mai lamba kaza, an gama.

Daga wannan lissafi wani abu ya fito da ba zai yi wa masu son babban aiki daɗi ba: Batsari da Safana, ko da an haɗa da Ɗanmusa, ba su buƙatar keji nasu na kansu. Rak ɗaya mai makulli da isasshiyar wuta ya wadatar. Keji yana da ma'ana ne a matakin jiha. Katsina na da ƙananan hukumomi 34, kuma gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa hukumar kula da fasahar sadarwa ta jihar, KATDICT. Idan jiha ta kama keji ɗaya mai rak huɗu, aka fara da biyu, aka bar gurbin biyu, sai kowace ƙaramar hukuma ta samu rabonta gwargwadon kayanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kuɗin katangar tsaro da na ƙwararren ma'aikaci ba ya ƙaruwa sosai don an ƙara masu amfani.

Tsara keji kuwa da daɓen ɗakin ake farawa. A cibiyoyi da yawa daɓen falle-falle ne masu santimita 60 kowane gefe, kuma da su ake ƙirga fili. Rak mai faɗin santimita 60 da zurfin 120 ya ci falle biyu. A gabansa ana son kimanin falle biyu, don a iya zaro na'ura gaba ɗaya a kan layin dogonta mutum na tsaye. A bayansa kuma wurin da mutum zai durƙusa ya yi aiki ƙofa a buɗe. Rak ɗin da wayoyin sadarwa za su taru a cikinsa gara a ɗauki mai faɗin santimita 80. Sai a duba ta ina ƙofar kejin ke buɗewa, ko keken ɗaukar kaya zai shiga, ko akwai ginshiƙin gini da ya faɗo cikin filin da za a biya kuɗinsa ba a amfana ba. Jerin rak-rak ɗinka dole ya bi lungunan sanyi da zafi na ɗakin gaba ɗaya. Ba ka da ikon juya su yadda kake so. Kuma tun ranar ƙulla yarjejeniya ake neman a rubuta cewa idan filin da ke maƙwabtaka da kejin zai fita, kai za a fara tuntuɓa. Tun ran gini tun ran zane. Wanda ya bari sai ya cika zai tarar an ba shi ƙarin wuri a wani ɗakin, ya koma biyan kuɗin wayar da za ta haɗa kayansa da kayansa.

Wani zai ce ai wannan duka kuɗi ne, ba gara a yi namu a gida ba? A yi lissafin. Kayan wat 2,800 suna cin yunit 2,016 na lantarki a wata mai kwana 30. A farashin Naira 225 kowane yunit da hukumar NERC ta sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, Naira 453,600 ke nan a wata, ba a sa kuɗin sanyaya ba, wanda a ƙaramin ɗaki cikin zafinmu kan iya ƙara rabin wannan ko fiye. Wannan ma idan akwai wutar ke nan. Idan janareta ne, litar gas ɗaya kan ba da kimanin yunit uku, wato sama da lita 600 a wata, ban da mai sanyaya, ban da gyara, ban da janareta na biyu da zai karɓa ranar da na farko ya kwanta. Ɗakin kwamfutar sakatariya yana da arha ne kawai saboda ba a yi niyyar kunna shi kullum ba.

Wani kuma zai ce a bar sayen na'ura gaba ɗaya, a kama haya a gajimare, kamar yadda ake kiran hayar kwamfutocin manyan kamfanoni irin su Amazon da Microsoft ta intanet. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ga ayyuka da yawa ita ce daidai. Sai dai ƙa'idojin da hukumar NITDA ta fitar tun 2013 sun tanadi a ajiye bayanan gwamnati a cikin Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje. Ga kuma dala: wanda ya ga abin da ya sami Naira tun Yunin 2023 zai yi tunani biyu kafin ya ɗaura kasafin ƙaramar hukuma da kuɗin haya na wata-wata a kuɗin waje. Gajimaren cikin gida kuwa zaɓi ne mai kyau, amma shi ma a cikin rak ɗin wani yake zaune, kuma tambayoyin wuta da hanya da makulli suna nan, sai dai wani ne ke amsa su a madadinka.

A ina za a kama hayar? Mafi yawan manyan cibiyoyin ƙasar nan suna Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku ke fitowa: Rack Centre a Ikeja, da MDXi ta kamfanin MainOne a Lekki, wanda Equinix ya saya a 2022 a kan dala miliyan 320, da Africa Data Centres, da sauransu. A Arewa, kamfanin gwamnatin tarayya Galaxy Backbone yana da cibiya a Abuja, da wata a Kano wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Ni a ganina Kano ce ƙofar da ya kamata Katsina ta fara ƙwanƙwasawa. Ba don gudun saƙo ba, domin haske cikin wayar faiba kan ci kilomita 1,000 a kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa, nisan Legas ba wani abu ba ne a wurinsa. Dalilin shi ne gajeruwar hanya ta fi ƙarancin wuraren da za a datse ta, kuma injiniya na iya zuwa ya dawo a yini guda.

Duk cibiyar da aka je za a ji ana tallar daraja ta uku ko ta huɗu. Wata cibiya ce a Amurka mai suna Uptime Institute ke ba da wannan shaida. Daraja ta uku na nufin ana iya gyara kowane sashe na wuta ko sanyaya ba tare da an kashe na'urorin masu haya ba. Ta huɗu na nufin ko wani sashe ya lalace ba zato, aiki ba zai tsaya ba. A nemi ganin takardar, a kuma duba ko shaidar zanen ginin ce kawai ko ta ginin da aka kammala aka gwada, domin iri biyu ne. Kuma komai darajar wuri, kada a zuba komai a cikinsa. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma waɗanda suka ajiye kwafin bayanansu a harabar guda sun rasa uwa sun rasa 'ya. Manomin Ruma ko Runka bai buƙatar a gaya masa wannan. Bai taɓa zuba hatsin shekara a rumbu ɗaya ba idan yana da halin gina biyu. Idan babban gurbi na Kano, kwafi ya kwana a Abuja ko Legas.

Saura maganar da ta fi ba ni tsoro, wadda ba ta injiniya ba ce. Da sunan wa za a yi hayar? Idan da sunan ɗan kwangila ne, ranar da aka saɓa da shi ya tafi da makullin. Idan sunayen da ke kan takardar izinin shiga keji na yaran shugaban ƙaramar hukuma ne, ranar da mulki ya sauya babu mai iya shiga. Yarjejeniyar irin wannan haya kan bai wa mai cibiya ikon yanke wuta, wani lokaci har da riƙe kaya, idan bashi ya taru, kuma haya ba ta san an yi jinkirin sakin kasafi ba. A biya ta shekara-shekara tun farkon shekara, da sunan hukuma, a rubuta cewa bayanan kowace ƙaramar hukuma mallakarta ne, tana da ikon kwasar kwafinsu duk ranar da ta so. Idan jiha ce ta riƙe kejin, wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne abin da zai hana a sake ƙirƙiro asusun haɗin gwiwa, wannan karon na bayanai.

Duk wannan shiri kuwa rataye yake a kan zare ɗaya: hanyar da ta haɗa Batsari da Safana da wurin da na'urar take. A cikin cibiyar, a nemi haɗi da kamfanonin sadarwa biyu, a kuma tambaye su ta wane titi wayarsu ta bi, domin sau da yawa kamfanoni biyu rami ɗaya suka binne wayoyinsu, katafila ɗaya ta isa ta raba su da aiki tare. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka rasa yadda za su yi, abin da ya ƙara nuna amfanin bayanan Katsina su kasance inda za a kai gare su ba sai an tsallaka teku ba. Amma mutanen yankin nan sun ga abin da ya fi wannan. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matakan tsaro, Batsari da Safana na ciki, aka kwashe watanni ba kira ba intanet. Da a ce a lokacin rajistar asibiti da ta albashi suna cikin wani rak a Kano kaɗai, da na'urar na nan tana aiki lafiya lau cikin sanyi, masu ita kuwa ba su da hanyar kaiwa gare ta.

Saboda haka tsarin gurbi a keji bai cika ba sai an haɗa shi da wani ɗan ƙaramin gurbi a gida. Abin da nake nufi ƙaramar kwamfuta ce marar fanka, irin wadda aka ƙera don jure zafi da ƙura, mai cin wat 30 zuwa 60, wadda faifan sola biyu da batir ɗaya za su riƙe. A kulle ta a akwatin ƙarfe a sakatariya, faifanta a rufe da lambar sirri ta yadda ko an sace ta ba a samu komai ba. Ma'aikata su riƙa aiki a kanta kullum, ita kuma ta riƙa aika abin da ya sauya zuwa rak duk lokacin da ta samu hanya. Idan hanya ta ɗauke na mako ko na wata, a kwafi sauye-sauyen a ƙaramin faifai, a ba amintaccen ma'aikaci ya kai Katsina a tura daga can. Dole manhajar da za a saya ta iya wannan aiki na jira da haɗawa, kuma wannan ne sharaɗin da zan sa a layin farko na takardar neman 'yan kwangila, sama da sunan kamfanin da ya ƙera uwar garken.

Sau biyu a shekara kuma, ana zaune lafiya, a cire wayar intanet ta sakatariya da gangan na kwana uku, a ga ko magatakarda zai iya yi wa jariri rajista. A rana ta huɗu a mayar da wayar, a buga wa ma'aikacin cibiya ya zare layin wuta ɗaya daga rak ɗin, sannan a nemo sunan jaririn daga kwafin da ke ɗaya birnin.